Motar da ake ja ba ta cajin batir

Wannan makon za mu bar kicin da ɗakin yara, mu leƙa ƙarƙashin bonet. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da batirin mota, ai wannan tsakanin maigida ne da makanikensa. To, ranar da mota ta tsaya cak tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, ke ce a kujerar baya da goyo a cinya, yara suna kukan ƙishirwa, rana tana yin ƙasa. A wannan ranar kina da ruwa da tsaki a maganar. Kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki shekarun nan, babu direban da ke son magariba ta same shi a daji wajen Wanzamai ko 'Yankara. Shi ya sa da mota ta lalace abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a samo igiya a ja ta zuwa gari.

Ja ɗin ba laifi ba ne. Abin da ake yawan mantawa da shi shi ne batir, kuma shi ne ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Mutane da yawa, har da wasu direbobin da suka daɗe a hanya, sun ɗauka muddin tayoyi suna juyawa batir yana shan caji. Babu wannan zancen. Abin da ke cika batir wani ɗan janareto ne da ke maƙale a jikin inji, makanikai suna ce masa altaneto, kuma inji ne ke juya shi da bel. In inji ya tsaya bel ya tsaya, altaneto ma ya tsaya. Ko daga Bunguɗu aka ɗaure motar aka sa ta a firi aka ja ta har Funtuwa, ko ɗis ɗin wuta ba zai shiga batirin ba. Ki ɗauke shi kamar randar tsakar gida ranar da ɗan garuwa bai zo ba: kowa yana ɗiba, babu mai zubawa.

Kuma masu ɗibar suna da yawa. Dole a murɗa makulli, domin in an zare shi sitiyari zai kulle, motar da ake ja da kullallen sitiyari kuwa ba ta iya bin kwana, sai dai ta nufi rami. Da an murɗa shi, ƙwaƙwalwar motar da fitilun gaban direba sun fara shan wuta ke nan. Sai fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa. A yawancin motocinmu ƙwayaye huɗu ne manya, kowanne wat 21. In duhu ya fara aka kunna fitilun gaba, kowace ɗaya wat 55 ce, biyun suna jan kusan amfiya 9. Ga fitilun birki da ke kamawa duk lokacin da aka taka. Ga fankar iska da wani zai kunna saboda zafi, alhali ba sanyin da za ta kawo tunda inji ba ya aiki, ita kuma tana cikin masu ci da yawa. Ga rediyo.

Mu yi lissafin tare, kamar yadda kike lissafin kwanon shinkafa. Batirin ƙaramar mota irin na gida yakan kasance mai amfiya 60 ko ɗan sama da haka, ma'ana in ana jan amfiya 15 a cikinsa, awa huɗu ta isa ta ƙarar da shi tas, in sabo ne kuma a cike yake. Daga Gusau zuwa Tsafe kimanin kilomita 50 ne. Motar da ake ja da igiya bai kamata ta wuce gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa ba, ke nan tafiyar kusan awa biyu ce. Awa biyu ana jan amfiya 15, rabin batir ya tafi. Ba mu ma sa zaman da aka yi a bakin titi ana jiran mai ja ba, ƙofofi a buɗe, fitilar ciki a kunne, maigida yana ta gwada tayar da ita ko za a dace. Kowane gwaji yana zuƙar wuta mai yawan gaske cikin 'yan daƙiƙoƙi. Batirin da ya shekara biyu a zafin Zamfara kuwa ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Sai a isa gareji, makanike ya gyara ainihin matsalar cikin minti ashirin, a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas, shiru. Dare ya yi, mai cajin batir ya rufe shago.

Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A Amurka da Kanada akwai masu sayen wata irin babbar mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta, yawancinsu waɗanda suka ajiye aiki, su riƙa yawon ƙasa da ita suna jan ƙaramar motarsu a baya da ƙarfe, tayoyinta huɗu a ƙasa, don in sun yada zango su shiga gari da ita. Su ma sukan yini suna tafiya, su sauka su tarar ƙaramar ta ƙi tashi, saboda makulli a murɗe yake, ga kuma wata na'urar taka birki da suke sa mata tana shan wutarta. Dabarar da suka yi ita ce jawo waya daga babbar motar zuwa batirin ƙaramar, da fis a tsakani saboda gobara, ta yadda altaneton babbar zai riƙa ciyar da su biyun. Wasu kuma sukan tsaya bayan 'yan awoyi su tayar da injin ƙaramar. Bambancinmu da su, tasu lafiyarta ƙalau, tamu kuwa don ta ƙi tashi ake jan ta. Kuma kada wani ya ji wannan labarin ya ce zai jawo waya daga babbar motar da ta taimaka muku. Tirela da yawancin manyan motocin kaya suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, batir biyu a haɗe, ƙaramar mota kuwa 12 take sha. A jona su, ƙwayayen fitilu su ƙone, ƙwaƙwalwar motar ta bi su, kuɗinta kuwa ya ninka na batir.

Tunda ba za mu iya zubawa ba, abin da ya rage mana shi ne mu rage ɗiba. Nan ne aikinki yake, domin a irin wannan lokacin hankalin maigida yana kan waya da cinikin kuɗin ja. Ki kashe rediyo da fanka. Ki duba fitilar rufin ciki, ki mayar da ita inda ba za ta kama ba ko an buɗe ƙofa. Kafin wutar ta yi ƙasa ki sauke gilasai, in masu maɓalli ne, domin in batir ya mutu gilas a rufe, motar ta zama tanda, musamman a watan Afirilu da zafi ke haura digiri 40. Ki hana yara wasa da hon da maɓallan kulle ƙofa. In an gwada tayarwa sau uku ta ƙi, ki ce masa cikin lalama, “Abban yara, a bar sauran wutar nan mana, ko don fitilun baya.” Fitilun nan su ne abin da ba a taɓawa. Motar da ake ja da yamma babu ko ƙyalli a bayanta, mai tahowa da gudu ba zai gan ta ba sai ya zo kanta.

Cajin waya kuwa ba shi ne ɓarawon ba. Batirin mota lafiyayye yana ɗauke da wutar da za ta cika waya sau talatin da wani abu. Ɓarnar tana zuwa ne in sai an murɗa makulli kafin wurin cajin ya kawo wuta, sannan a bar komai a kunne saboda waya ɗaya. Ki cika ɗan batirin ajiyarki na waya tun daga gida, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma rubuta lambar makanike da ta wani ɗan'uwa na Tsafe ko Gusau a takarda ki sa a jaka. Mu da muka ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, mun san waya ba abin jingina ba ce ɗari bisa ɗari. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, kiran kyauta ne.

Yanzu ga maganar da ta fi batir nauyi, kuma a kanta nake so ki dage ko za a ce kin cika tsoro. Ke da yara ba ku zama a cikin motar da ake ja.

Dalilin yana jikin birki. Taushin da direba ke ji in ya taka birki, inji ne ke ba shi. Da inji ya mutu, taku biyu ko uku ne suka rage masu taushi, daga nan feda ta zama kamar dutse, sai an danna da ƙarfin gaske kafin motar ta rage gudu. Sitiyari ma haka, ya yi nauyi. A sababbin motocin da sitiyarinsu ke aiki da lantarki ma ba a dogara da taimakonsa in inji a kashe yake, balle batir ya yi sanyi. Ki haɗa wannan da igiya mai tsawon mita 4 ko 5. In na gaba ya taka birki saboda rami ko shingen jami'an tsaro, na baya ba shi da ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya kafin ya daki bayansa. Kowane mutum da aka ƙara a motar ƙarin nauyi ne a kan birkin da ya riga ya raunana. Ku koma motar da ke jan, in da wuri, ko ku tari ta haya ku jira a gari. Wanda zai riƙe sitiyarin motar bayan kuma ya zama cikakken direba. Ana yawan miƙa wa yaron gida ɗan shekara goma sha huɗu wai ai ba tuƙi ba ne, riƙewa ce kawai. Wallahi ya fi tuƙi wuya. A ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar igiyar saboda masu babur da ke ratsawa, in babu ko tsohon ɗankwalinki ya wadatar. In da hali a sami ƙarfen ja maimakon igiya, ko a kira janwe, ya fi kwanciyar hankali.

Sai ki san irin motar gidanku. In otomatik ce, tana da nata sharaɗin. Famfon da ke zagaya da man giya inji ne ke juya shi, saboda haka in ana jan ta inji a kashe, cikin giyar yana juyawa babu isasshen mai. Kamfanoni sukan rubuta iyaka a littafin motar, wasu su ce kada a wuce gudun kilomita 50 a awa da nisan kilomita 50, wasu ma su tsaya a gudun 30. Daga Tsafe zuwa Gusau an riga an taɓo wannan iyakar. Gara a kai ta garejin da ya fi kusa, ko a ɗora ta a kan janwe, da a je a ƙone giya. Kuma otomatik ba ta tashi da turi. Duk samarin unguwa su taru su tura ta har su gaji, ba za ta tashi ba. Mai giyar hannu ce ake turawa, ita ma sai da ɗan sauran wuta a batirin. Masu tashi da maɓalli sun fi kowa shiga uku in batir ya mutu ƙurmus, domin wasunsu ko giyar ba ta fita daga wurin ajiya sai an san inda ɗan maɓallin sakinta yake.

Wani lokacin motar takan yi gargaɗi tun kafin ta tsaya, kuma sau da yawa wadda ke gefen direba ce ke fara lura. In kin ga wata jar fitila mai siffar batir ta kama a gaban direba alhali ana tafiya, ma'anarta altaneto ya daina zubawa, motar tana cin ajiya ne kawai. Ba za ta yi nisa ba, balle da dare da fitilu a kunne. A kashe na'urar sanyi da rediyo nan take, a nufi gari mafi kusa. In kun baro Gusau ba ku kai Kwatarkwashi ba, juyawa ta fi. In Tsafe ta fi kusa, a ƙarasa can a tsaya, kada a ce bari a lallaɓa zuwa Funtuwa. A sa ido kuma kan allurar zafi, domin a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneto shi ne ke juya famfon ruwa. In ya tsinke, allurar za ta hau, a nan kam tsayawa ta zama dole.

To an isa, an gyara, batir ya ƙi. Yadda aka saba yi shi ne a ciro batirin wata motar a ɗaura a tayar, sannan a zare shi inji yana aiki a mayar da mataccen. Tsofaffin motoci sukan jure wannan. Na yanzu masu ƙwaƙwalwa ba su cika jurewa ba, domin zare batir inji yana aiki yana sa wuta ta yi tsalle. Wayoyin jonawa guda biyu, ja da baƙa, ba su kai kuɗin atamfa mai kyau ba, ki sa a saya a ajiye a but. Jar tana haɗa kan da ke da alamar tarawa na batirin nan da na wancan. Baƙar tana tashi daga kan da ke da alamar ɗebewa na lafiyayyen batirin, ɗaya bakinta kuma a maƙala shi a wani ƙarfen jikin injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batirin. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, don haka babu sigari, babu ashana, yara kuma su matsa.

In ta tashi, kada a ɗauka an gama. Barin ta tana aiki minti biyar a tsaye ba ya cika komai. Batirin da ya sauka sosai yana son ya kwana a wurin mai caji. Ki ce rewaya ya sa mitarsa a gabanku: batirin da ya huta yana cike zai nuna wajen 12.6, in ya nuna 12.2 kusan rabi ne, in kuma inji yana aiki ya kamata a ga wajen 14. In inji yana aiki mitar ba ta ɗaga ba, laifin na altaneto ne ko bel, sabon batir ba zai yi maganinsa ba, sai dai a kashe kuɗi a banza. Batirin mota kuma ba a yi shi don a riƙa ƙarar da shi ba. Duk saukar da ya yi har ƙasa tana rage masa kwana, shi ya sa gidan da ake ciro shi a kunna fanka da talabijin in an ɗauke wuta ba sa daɗewa ba su sayi wani ba.

Motar da ke ajiye a gida ita ma randa ce mai yoyo. Agogo da ƙwaƙwalwa da na'urar ƙararrawa suna lasar wuta dare da rana, zafi kuma yana ƙara saurin zubewar. In maigida zai tafi aikin Hajji ko wata tafiyar da za ta kai wata guda, ki tuna masa ya kwance kan batirin mai alamar ɗebewa kafin ya tafi. Yawanci sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi, aikin minti biyu ne, ke ma za ki iya in an nuna miki sau ɗaya. In kuwa motar ce abin dogaronku ranar da naƙuda ko zazzaɓin yaro ya taso da tsakar dare, to a bar shi a ɗaure, a sami mai fita da ita ya yi tafiyar rabin awa duk mako. Ɗumama ta a tsaye kowace safiya na ɗan lokaci, wanda wasu gidajen suka mayar al'ada, yakan ci fiye da abin da yake mayarwa.

Ranar da aka sauya batir, kada tsohon ya kwana a tsakar gida. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ruwan cikinsa kuma asid ne mai cin fata da tufa. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga duwatsun zinare ta fito, waɗanda ake daka su ana niƙawa a cikin gidaje, amma dalmar dai ita ce, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shan ta. Na sha ganin tsohon batir an mayar da shi kujera a ƙofar kicin, ko madannin ƙofa, farar hodar nan ta taru a kansa, mai rarrafe yana taɓawa yana kai hannu baki. Samari kuma sukan fasa shi su ciro dalmar su sayar. Masu sayar da batir suna karɓar tsohon su rage muku kuɗin sabon, ki tabbatar an bar shi can. In ruwansa ya fallatsa wa yaro a fata ko a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, kada a shafa mai ko wani magani, sannan a wuce asibiti.

Masu tambaya kan batirin sola na gida da dalilin da ya sa yake mutuwa kafin shekara biyu, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wadda take da shi ta duba lambobin da ke rubuce a jikinsa ta ajiye mana a ƙasa, da yawan fitilu da fankokin da take kunnawa.